Benjamin Robins: Mutumin Da Ya Auna Gudun Harsashi

An haifi Benjamin Robins a garin Bath na ƙasar Ingila a shekarar 1707. Iyayensa mabiya ɗariƙar Kweka ne, waɗanda suka haramta wa kansu yaƙi, amma abin mamaki sai ga ɗansu ya yi suna a kan ilmin bindiga. Tun yana ɗan shekara 20 aka karɓe shi cikin ƙungiyar masana ta Royal Society saboda gwanintarsa a lissafi.

A zamaninsa masu harba igwa da ka suke aiki, domin babu wanda ya san ainihin gudun harsashi. A shekarar 1742 Robins ya buga littafinsa kan ƙa'idodin harbi, inda ya bayyana na'urar da ya ƙera: wani lilo mai nauyi na ƙarfe da aka manna wa katako. Idan aka harbe shi, harsashi ya nutse a katakon, sai lilon ya yi baya, ya ja wani ƙyalle wanda ke nuna iyakar inda ya kai.

Lissafin, yadda ake koyar da shi yau, hawa biyu ne. Tsawon tashin lilon shi ke nuna gudun da ya fara da shi. Misali, tashin inci 3 daidai yake da ƙafa 4 a daƙiƙa. Sa'an nan a koma kan karon, inda nauyi sau gudu ba ya raguwa. In lilo da harsashi sun ninka harsashin sau 400, to, ya zo da gudun ƙafa 1,600 a daƙiƙa ke nan. A nan ɗalibai kan yi tuntuɓe, su haɗa hawa biyun, alhali galibin ƙarfin harsashin ya ƙare wajen huda katako da zafafa shi.

Da wannan lilo Robins ya nuna cewa iska tana tauye harsashi fiye da yadda magabata suka zata. Shahararren masani Leonhard Euler ya fassara littafin zuwa Jamusanci a 1745, ya ƙara masa sharhi mai yawa.

Daga baya kamfanin Ingilishi mai ciniki a Indiya ya naɗa shi babban injiniya don gyara ganuwoyinsa. Zazzaɓi ya kama shi a can, ya mutu a sansanin St. David cikin watan Yuli na 1751.