Malam Aminu Kano: Ɗan muhutin da ya nemi a raba alƙali da fada

Wanda ya bi hanyar Zariya daga Kano da rani, da zarar ya kai Kura zai fara ganin kore shar hagu da dama. Shinkafa ce da alkama da tumatir da albasa, ruwan madatsar Tiga na bin magudanai har Kadawa da Bunkure da Garun Malam. Idan manoma biyu suka yi rigimar iyakar gona a wannan yanki a yau, dattawa suka kasa sasanta su, kotun da za su je ta gwamnatin jiha ce. Ba hakimi ne ya kawo alƙalin ba, ba kuma sarki ke biyan sa albashi ba.

Kakanninsu ba haka suka sani ba. Har zuwa tsakiyar shekarun 1960, alƙali da ɗan doka da gidan yari duk na En'e ne, En'e kuwa sarki ne shugabanta. Manyan shari'o'i, irin na kisan kai da rikicin ƙasa, a gaban sarki da kansa suke ƙarewa, kuma ba a barin lauya ya tsaya wa mutum. Duk wannan da sunan shari'ar Musulunci ake yin sa. Saboda haka talakan da ya yi jayayya da hukunci, cikin sauƙi sai a ce da addini yake jayayya.

Mutumin da ya fi kowa daɗewa yana faɗa da wannan tsari, a gidan alƙalai aka haife shi.

Daga Sudawa zuwa Bauchi

An haifi Aminu a unguwar Sudawa cikin birnin Kano ranar 9 ga Agusta, 1920. Mahaifinsa, Malam Yusufu, muhuti ne a kotun alƙali, daga Fulanin Genawa waɗanda aka sani da malanta da alƙalanci. Mahaifiyarsa Rakiya ita ma mai karatu ce. Ya fara da allo, sannan makarantar Shahuci, da Midil ta Kano, da Kwalejin Kaduna inda ya gama a 1942.

A wannan shekarar aka tura shi koyarwa Midil ta Bauchi. A can ya zauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya kuma shaƙu da Malam Sa'adu Zungur, malami masanin Alƙur'ani da fiƙihu wanda ba ya shakkar faɗa wa sarakuna gaskiya. Zaman muhawarar da suke yi a Bauchi, inda ƙananan ma'aikata ke tambayar manya dalilin abin da suke yi, bai yi wa hukuma daɗi ba. Ya tafi Landan karatun koyarwa a 1946, ya dawo ya kafa ƙungiyar malaman makarantun Arewa, aka mayar da shi kwalejin horon malamai ta Maru a lardin Sakkwato. A ƙarshen 1950 ya ajiye aikin gwamnati ya koma Kano.

Ba ya cikin mutum takwas da suka kafa NEPU ranar 8 ga Agusta, 1950, irin su Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin, don a lokacin yana ma'aikaci. Amma a 1953 ya zama shugabanta, sunansa da nata suka zama ɗaya.

Yadda aka kafirta 'yan Sawaba

A nan ne labarin yake da nauyi. Jam'iyyar NPC mai mulkin Arewa ta tsaya ne a kan sarakuna da hakimai da ma'aikatan En'e. Idan ɗan NEPU yana son yin lacca a kasuwar ƙauye, wajen En'e zai nemi izini. Idan aka hana shi ya yi, ɗan dokar En'e ne zai kama shi, alƙalin En'e ya yanke masa hukunci, Yarin En'e ya kulle shi. Mai ƙara da mai hukunci da mai tsaro duk daga gida ɗaya suke cin tuwo. Laifuffukan kuwa sanannu ne: taro ba izini, zagin sarki, raina hakimi. Hukuncin bulala ko ɗauri ko tara. Hajiya Gambo Sawaba, da ta zo Kano daga Zariya tana yi wa mata bayanin siyasa, ɗaurin wata uku aka fara yi mata, kuma wannan somin-taɓi ne a kan abin da ta sha daga baya. A cikin birni kuma ga 'Yan Mahaukata, 'yan daba masu far wa 'yan adawa da gora da adda.

Bulala tana warkewa. Abin da ya fi ciwo shi ne hujjar da aka ɗora ta a kai. An riƙa gaya wa mutanen karkara cewa sarki magajin Shehu ne, yi masa biyayya wajibi ne, wanda ya fita daga jama'a ya bar hanya. Da NEPU ta ƙulla ƙawance da NCNC ta Nnamdi Azikiwe, sai aka sami abin nunawa: ga su can sun haɗa kai da waɗanda ba Musulmi ba. Manomin da ya sa wa tauraro ƙuri'a maimakon fartanya, ba gidan yari kawai yake tsoro ba, har da abin da liman da maƙwabta za su ce game da imaninsa. Abin dariya a ciki, bayan zaɓen 1959 ita kanta NPC da NCNC ɗin ta kafa gwamnatin tarayya, ba wanda ya ce ta yi ridda.

Malam Aminu bai mayar da martani da littattafan Turawa ba, ko da yake ya karanta su. Littattafan masu jihadi ya ɗauko. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Kitabul Farƙi, ya lissafa abubuwan da ya zargi sarakunan Haɓe da su, ciki har da jangali da kuɗin gari da gaisuwar da ake kai wa masu mulki da cin hanci a wajen shari'a. Ƙanensa Abdullahi kuwa a nan Kano ya rubuta Diya'ul Hukkami, a kan yadda ya kamata mai mulki da alƙali su kasance. Malam ya riƙa tambayar jama'a su gwada abin da ke cikin littattafan da abin da suke gani a ƙofar hakimi. Har faɗuwa ƙasa a gaida sarki ya ce ba koyarwar Musulunci ba ce, 'yan NEPU da dama suka daina, wasu suka sha ɗauri a kan haka. Ya buɗe makarantar Islamiyya, inda yara maza da mata ke koyon addini da ma'anarsa a kan allon bango, masu sarauta suka ɗauke ta a matsayin wata kafar siyasa, ta sha tsangwama.

Wato bai taɓa neman a kau da shari'ar Musulunci daga rayuwar Musulmi ba. Mutum ne da ya riƙa yin tafsiri da azumi. Abin da ya nema shi ne a zare hannun mai mulki daga kan alƙali, a daina mayar da kujerar shari'a da mumbari makamin jam'iyya, a kuma rubuta haƙƙin ɗan ƙasa a tsarin mulki yadda ba sarkin da zai shafe shi. A ganina wannan ya fi wahalar faɗa a Kano ta 1953 fiye da abin da masu muhawarar raba addini da gwamnati ke faɗa a intanet yau, domin shi a gaban mutanen da suka san mahaifinsa yake magana, kuma kotun da yake suka ita ta ciyar da gidansu.

Gyaran da ya zo rabi-rabi

Matsin lamba bai tsaya kan NEPU ba. Ƙabilun Arewa da ba Musulmi ba, da 'yan kudu mazauna Sabon Gari, su ma suna tsoron abin da zai same su idan Turawa suka tafi. Kwamitin Willink, wanda ya saurari koken marasa rinjaye a 1957 da 1958, ya ba da shawarar a sa haƙƙoƙin ɗan Adam cikin tsarin mulki. Haka aka yi, ciki har da 'yancin tunani da addini da ikon sauya shi. A 1958 gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Muhammad Abu Rannat. Daga nan aka sami kundin dokokin laifuka na Arewa da ya fara aiki a 1960, aka bar aure da gado da makamantansu ƙarƙashin shari'ar Musulunci.

Doka ta canja, amma mai riƙe da alƙali bai canja ba. Malam ya ci kujerar majalisar tarayya ta Kano ta Gabas a 1959, ya rasa ta a 1964, zaɓen da 'yan takarar adawa da yawa a Arewa ko takarda ba a bari sun miƙa ba. Sai da sojoji suka zo, a 1967 da 1968, aka rushe kotunan sarakuna, aka mayar da kotunan alƙalai ƙarƙashin gwamnati da sunan kotunan yanki, aka karɓe 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. Abin da NEPU ta shekara goma sha bakwai tana nema da lacca da waƙa da ɗauri, dokar soja ce ta zartar da shi. A lokacin Malam yana kwamishinan tarayya a gwamnatin Janar Gowon, na sadarwa daga 1967, sannan na lafiya daga 1971.

A waɗannan shekarun ne Gwamna Audu Baƙo ya gina madatsar Tiga, aka kammala ta a 1974. Manoman Kura da Bunkure da suka fara noman rani da ruwanta su ne zuriya ta farko da ta shiga gona ba tare da tsoron kotun sarki ba. Haraji dai yana nan, dagaci na bi gida-gida.

Malam yana cikin kwamitin da Janar Murtala ya kafa a 1975 don tsara sabon kundin mulki. A majalisar da ta duba daftarin aka yi zazzafar rigima kan kafa kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a matakin tarayya, har wakilai Musulmi da dama suka fice daga zauren a watan Afrilun 1978. Kundin 1979 ya fito da matsaya biyu a haɗe: jihar da take so tana iya kafa kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a, sashe na 10 kuma ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin addinin gwamnati. Kundin 1999 ya gaji duka biyun, kuma har yau ana jayayya kan inda ɗaya ya tsaya ɗaya ya fara, musamman tun da Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a 1999, Kano ta bi a 2000.

Gardamar ta kai ga waɗanda ba su bin kowane addini. Mubarak Bala, shugaban ƙungiyarsu a Najeriya a lokacin, an kama shi a 2020 kan abin da ya rubuta a Facebook, Babbar Kotun Jihar Kano ta ɗaure shi shekara 24 a 2022 bayan ya amsa laifi, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rage zuwa biyar a 2024. Ba kotun shari'a ce ta hukunta shi ba, kuma kundin da aka yi amfani da shi jikan wancan na 1960 ne. Masu goyon bayansa suna kafa hujja da sashe na 38 mai ba da 'yancin addini da na sauya shi, masu adawa da shi suna cewa ba 'yancin da ya halatta ɓatanci. Kuskure ne wani ɓangare ya ja Malam Aminu cikin wannan shari'a, ya rasu shekara 37 kafin a fara ta. Amma tambayar da ya saba yi, wa ke riƙe da alƙali kuma don amfanin wa, duka ɓangarorin biyu suna iya yin ta.

Mabuɗi

A 1978 ya kafa PRP mai alamar mabuɗi, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1979 da Sam Ikoku, Kirista ɗan ƙabilar Ibo, a matsayin mataimaki. Hukumar zaɓe ta so hana shi tsayawa kan takardar biyan haraji, shi da ya ƙare rayuwarsa yana faɗa da haraji, sai da kotu ta wanke shi. Wannan ne kuma babban zaɓe na farko da matan Arewa suka jefa ƙuri'a, abin da NEPU ta nema tun shekarun 1950 aka ce mata ya saɓa wa addini.

Bai ci ba, amma PRP ta ci Kano da Kaduna. Abubakar Rimi da Balarabe Musa suna hawa suka soke haraji da jangali. Daɗin bai daɗe ba. Jam'iyyar ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo, gwamnonin biyu suna ɓangaren da ya raba gari da Malam. An tsige Balarabe a watan Yunin 1981. A watan Yuli takardar tuhuma da gwamnatin Rimi ta aika wa Sarkin Kano Ado Bayero ta jawo tarzoma, aka kashe mai ba gwamna shawara kan siyasa, Dokta Bala Muhammad. Shekara talatin bayan kafa NEPU, taɓa fada a Kano bai daina cin rai ba.

Malam Aminu ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, ana shirin wani zaɓen, yana da shekara 62. An binne shi a gidansa na Gwammaja, Gidan Mambayya, wanda yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ta Jami'ar Bayero. Filin jirgin saman Kano da asibitin koyarwa suna ɗauke da sunansa, haka ma kwalejin nazarin addinin Musulunci da shari'a ta jihar, inda da yawa daga ma'aikatan kotunan Kano suka yi karatu.