Muhammadu Al-Katsinawi: Masanin Taurarin Da Ya Koyar A Masar

Har yau tsofaffin manoma a Gulma da Argungu sukan ɗaga kai da dare su dubi Kaza da 'Ya'yanta don sanin inda damina ta kwana. Wannan sani na gado ne, amma ƙasar Hausa ta taɓa haifar malamin da ya zurfafa cikin ilmin taurari da hisabi har malaman Masar suka durƙusa gabansa, watau Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Bafillace, wanda Larabawa suka sani da Al-Katsinawi.

Mutumin ƙasar Katsina ne. Ya yi karatu wurin manyan malaman zamaninsa, cikinsu har da Malam Muhammadu Bindu, wanda ya buɗe masa ƙofar hisabi. Da ya ƙoshi da abin da ke gida sai ya ɗaura niyyar aikin hajji, ya sauke farali wajen shekarar 1730, ya zauna Makka na ɗan lokaci, sa'an nan ya wuce Alƙahira.

A can ne aikinsa ya bayyana. Wajen 1732 ya kammala littafinsa Bahjatul Afaƙ, inda ya yi bayanin ƙa'idojin tsara hatimi. Mafi sauƙinsa shi ne mai gida 9, wanda ake jera lambobi daga 1 zuwa 9 ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da 15. Malamin ya nuna hanyoyin gina manyansa waɗanda yawan layukansu mara ne. Ba da jimawa ba ya gama Durrul Manzum, wanda ya fara tun yana Makka, a kan taurari da ɗalasimai, yana bin sawun wani tsohon littafi da ake danganta wa Fakhruddin Ar-Razi.

Lalle ne mai karatu ya sani cewa a wancan zamani lissafin tafiyar taurari a cakuɗe yake da duba, abin da malamai da yawa ba su yarda da shi ba. Sanin abin da ke cikin tauraro kansa kuwa sai bayan shekara fiye da 120 da rasuwarsa aka same shi, lokacin da wani Bature mai suna William Huggins, wanda ya gina ɗakin duban sama a gidansa a London, ya rarrabe hasken taurari da gilashi cikin 1863 da 1864, ya ga alamun ƙarfe da sauran ma'adinai irin na duniyarmu. Duk da haka lissafin hatimin Al-Katsinawi bai tsufa ba, domin ƙa'idar lamba ba ta canzawa.

A Alƙahira ya sauka gidan Shaihu Hasan Al-Jabarti, wanda shi ma masanin falaki ne, ya kuwa ɗauki karatu a wurin baƙon nasa. Cikin wannan gida ajali ya riski Al-Katsinawi a 1741, bayan ya bar wa mai masaukinsa wasiyyar dukiyarsa da littattafansa. Ɗan mai gidan, Abdurrahman Al-Jabarti, shahararren marubucin tarihin Masar, shi ya adana labarinsa, da ba don shi ba da kaɗan za mu sani. A nan gida Dokta Hassan Ibrahim Gwarzo ya yi nazari a kan aikinsa cikin 1967.

Abin takaici shi ne ɗalibanmu sun san sunayen masanan Turai, amma ƙalilan ne suka taɓa jin nasa. Ya kamata masu tsara darussan makarantu su gyara wannan, waɗanda suka gaji tsofaffin littattafai a gafaka kuma su kula da su kafin gara ta riga mu. Allah ya jiƙan Malam Muhammadu, amin.