Willem Einthoven

Willem Einthoven (21 ga Mayu, 1860 – 29 ga Satumba, 1927) likita ne ɗan ƙasar Holan kuma masanin yadda gaɓoɓin jiki ke aiki. Shi ne ya ƙera na'urar farko mai inganci da ke zana wutar lantarkin da zuciya ke fitarwa a lokacin bugawa, gwajin da asibitoci ke kira ECG. Wannan aiki ya sa aka ba shi kyautar Nobel ta fannin likitanci a shekarar 1924.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a garin Semarang da ke tsibirin Java, cikin Indunusiya ta yau, wadda a lokacin Holan ke yi wa mulkin mallaka. Mahaifinsa likita ne, ya rasu Willem yana ɗan shekara shida. A 1870 mahaifiyarsa ta koma Holan da 'ya'yanta, suka zauna a Utrecht. A jami'ar garin ya karanci likitanci, ya kammala a 1885, sannan a 1886 ya zama farfesa a Jami'ar Leiden, inda ya ƙare rayuwarsa ta aiki.

Aikinsa kan bugun zuciya

Ba shi ne ya fara zana wutar zuciyar mutum ba. Augustus Waller ya yi haka a Landan a 1887, amma na'urarsa tana da nawa, zanenta kuma ba ya fitowa daidai. Einthoven ya fara gyara wannan zanen ta hanyar lissafi, kuma a 1895 ya laƙaba wa tudu da kwarin da ke cikinsa haruffan P, Q, R, S da T. Har gobe da su likitoci ke aiki.

A 1901 ya fito da tasa na'urar. Wani siririn zare ne da aka shafe da azurfa, aka miƙe shi tsakanin manyan maganaɗisu. Duk sa'ad da wutar zuciya ta ratsa shi sai ya motsa, a ɗauki hoton motsin. Nauyinta ya kai kusan kilo 270, kuma sai mutum biyar ke sarrafa ta. Majiyyaci kuwa hannayensa da ƙafa ɗaya yake tsomawa cikin bokitan ruwan gishiri. Da yake ba ta ɗaukuwa, a 1905 aka ja wayar tarho daga asibitin Leiden zuwa ɗakin bincikensa don a riƙa aiko da saƙon zukatan majiyyata.

Tsinin da ya kira R ya fi sauran tsayi, shi ya sa ya fi sauƙin ganowa. Tazarar da ke tsakanin R da R mai bi masa ba ta zama daidai kullum: a zuciyar mai lafiya tana ɗan sauyawa da numfashi, tana kuma raguwa sosai in mutum na motsa jiki. Wannan tazarar tana cikin abubuwan da kwamfuta ke aunawa a yau idan an ɗora mutum kan injin gudu don gwada zuciyarsa.

Rasuwa

Ya rasu a Leiden yana da shekara 67, aka binne shi a Oegstgeest.