Kudirat Abiola: Haifaffiyar Zariya da 'ya'yanta suka yi kusan shekara 30 suna neman haƙƙin jininta

A ranar 4 ga Yunin 1996 'yan bindiga suka tare motar Hajiya Kudirat Abiola a yankin Oregun da ke Ikeja a Jihar Legas, suka buɗe mata wuta da rana tsaka. An garzaya da ita asibiti amma rai ya yi halinsa, tana da shekara 44 a duniya. Direbanta ma an harbe shi.

Daga wannan rana zuwa yau an kai maganar kisan gaban Babbar Kotun Legas, da Kotun Ɗaukaka Ƙara, da Kotun Ƙoli, da wata kotun tarayya a Amurka, da kuma Kotun ECOWAS. Duk da haka babu mutum ko ɗaya da hukuncin kisan nata ya tabbata a kansa.

Da yawa daga cikin mutanen Ikara da Makarfi da Kudan, waɗanda Zariya ce babban birninsu na kasuwa da karatu da asibiti, ba su san cewa a nan aka yanke cibiyar wannan mata ba.

Daga Zariya zuwa gidan Abiola

An haifi Kudirat Olayinka Adeyemi a Zariya a 1951. Iyayenta Yarabawa ne Musulmi, irin waɗanda fatauci da aikin jirgin ƙasa suka riƙa kawowa Zazzau tun bayan da layin dogo ya ratsa garin ya isa Kano a 1911.

Ta yi karatun sakandare a makarantar 'yan mata Musulmi ta Ijebu Ode, inda har ta zama shugabar ɗalibai. Daga baya ta auri Alhaji Moshood Kashimawo Olawale Abiola, wanda aka fi sani da MKO, ta zama matarsa ta biyu. Allah Ya azurta su da 'ya'ya bakwai, ciki har da Hafsat da Jamiu da Hadi.

Abiola ya yi arziki ta hanyar kamfanin sadarwa na ITT, ya kafa jaridun Concord da kamfanin jiragen sama da ƙungiyar ƙwallon ƙafa, ya kuma yi suna wajen kyauta da gina masallatai da makarantu a Kudu da Arewa. A tsawon wannan lokaci ba a cika jin sunan Kudirat a bainar jama'a ba. Harkar gida da kasuwanci da tarbiyyar yara ta sa gaba.

Rasuwar uwargida Simbiat a 1992 ta mayar da ita babba a cikin matan gidan, daidai lokacin da maigidan ke shirin neman shugabancin ƙasa.

Zaɓen 12 ga Yuni

Abiola ya tsaya takara a jam'iyyar SDP tare da Babagana Kingibe, dukansu Musulmi, suka kara da Alhaji Bashir Tofa na NRC a ranar 12 ga Yunin 1993. Sakamakon da ya fito ya nuna Abiola ne kan gaba, har ya doke Tofa a jiharsa ta Kano, ya kuma yi rinjaye a Jihar Kaduna.

Ranar 23 ga Yuni gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta soke zaɓen. Babangida ya sauka a watan Agusta ya bar wa Cif Ernest Shonekan gwamnatin riƙo, ita kuma Janar Sani Abacha ya kawar da ita a ranar 17 ga Nuwamba.

Da Abiola ya ga shekara na neman zagayowa, sai ya ayyana kansa shugaban ƙasa a unguwar Epetedo ta Legas a ranar 11 ga Yunin 1994. Kwana 12 bayan haka aka kama shi, aka tuhume shi da cin amanar ƙasa. Daga nan bai sake taka gidansa ba.

Matar da ta ƙi yin shiru

Tsare maigidan ne ya fito da Kudirat fili. Ta riƙa zirga-zirga tsakanin Legas da Abuja domin zaman kotu, tana ganawa da lauyoyi da jakadun ƙasashen waje, tana hira da 'yan jarida na gida da na waje a lokacin da manyan maza ke tsallaka iyaka a ɓoye.

Ta mara wa ma'aikatan man fetur na NUPENG da PENGASSAN baya a yajin aikin da suka fara a Yulin 1994, wanda ya tsayar da harkoki na tsawon makonni kafin gwamnati ta rushe shugabancin ƙungiyoyin ta tsare Frank Kokori. Ta kuma yi aiki kafaɗa da kafaɗa da ƙungiyar NADECO da matan kasuwa da ɗalibai.

Matsayinta a bayyane yake. Ba ta yarda mijinta ya sayi 'yancinsa da ajiye haƙƙin da yake ganin jama'a sun ba shi ba. Wannan ya jawo mata saɓani hatta da wasu daga cikin dangin mijin, waɗanda burinsu shi ne ya fito da ransa ko ta halin ƙaƙa.

Zamanin kuwa na zubar da jini ne. An harbe dattijo Alfred Rewane a gidansa a Oktoban 1995. An rataye Ken Saro-Wiwa da 'yan Ogoni takwas a ranar 10 ga Nuwamban shekarar. A Fabrairun 1996 aka harbi mai jaridar Guardian, Alex Ibru, ya sha da ƙyar. Ita kanta Kudirat an kama ta a watan Mayu aka gurfanar da ita saboda kalaman da ta yi a jarida, aka ba da belinta. Ko wata guda ba a yi ba aka kashe ta.

An yi jana'izarta mijinta na tsare. Babbar 'yarta Hafsat kuma tana Amurka, ana saura kwanaki kaɗan bikin kammala karatunta a Jami'ar Harvard.

Gwamnatin soja ta yi ta'aziyya, ta yi alkawarin bincike, amma waɗanda 'yan sanda suka fara tsarewa sun haɗa da dattawan NADECO irin su Sanata Abraham Adesanya. Abacha ya rasu a ranar 8 ga Yunin 1998, Abiola ya bi shi a ranar 7 ga Yuli yana tsare, ana dab da sakinsa.

Shari'ar da ta ci shekara 14

Bayan dawowar mulkin farar hula a 1999, gwamnatin Jihar Legas ta gurfanar da Manjo Hamza Al-Mustapha, babban dogarin Abacha, da Mohammed Abacha, da Lateef Shofolahan, wanda masu gabatar da ƙara suka ce hadimin marigayiyar ne. Kotun Ƙoli ta cire Mohammed Abacha daga tuhumar a 2002.

Babban shaidan gwamnati shi ne Saje Barnabas Jabila, wanda aka fi sani da Saje Rogers. Ya shaida wa kotu cewa shi ya yi harbin bisa umarni, daga baya kuma ya janye maganarsa. Kwamitin Mai Shari'a Oputa ma ya saurari batun, ya miƙa rahotonsa a 2002, amma gwamnati ba ta taɓa fitar da shi a hukumance ba.

A ranar 30 ga Janairun 2012 Mai Shari'a Mojisola Dada ta yanke wa Al-Mustapha da Shofolahan hukuncin kisa ta hanyar rataya. Ranar 12 ga Yulin 2013 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin ta wanke su, saboda a ganinta shaidun sun yi karo da juna kuma ba su isa a rataye mutum a kansu ba. Al-Mustapha, wanda ya musanta tuhumar tun farko, ya fito bayan ya shafe fiye da shekara 14 a tsare ya samu gagarumar tarba a Kano.

Kotun Ƙoli ta ba Jihar Legas izinin ɗaukaka ƙara a Janairun 2017, amma jihar ba ta bi maganar ba. A Janairun 2026 kotun ta kori ƙarar bisa dalilin cewa an yi watsi da ita. A idon doka Al-Mustapha ba shi da laifin kisan, kuma tambayar wanda ya ba da umarnin tana nan ba amsa.

Wannan ita ce matsalar farko da iyalin mamaci ke cin karo da ita. A shari'ar laifi gwamnati ce mai ƙara. Iyali 'yan kallo ne ko shaidu, idan gwamnati ta ja ƙafa babu yadda za su yi.

Neman diyya a Amurka da ECOWAS

Hanyar da iyali ke da iko a kanta ita ce ƙarar neman diyya, kuma 'ya'yan Kudirat sun gwada ta sau biyu.

A 2001 Hafsat Abiola tare da Cif Anthony Enahoro da Arthur Nwankwo suka shigar da ƙarar Janar Abdulsalami Abubakar a Amurka, a matsayinsa na ɗaya daga cikin manyan majalisar mulkin soja ta lokacin Abacha. Sun dogara ne da dokokin Amurka da suka ba baƙi damar neman diyya kan azabtarwa da kisan gilla da aka yi a wata ƙasa.

A 2005 kotun ɗaukaka ƙara da ke Chicago ta ce dokar da ke kare gwamnatocin ƙasashen waje daga ƙara ba ta rufe shi a matsayin mutum ba, amma ta ce sai masu ƙara sun nuna sun nemi haƙƙinsu a gida tukuna, ko kuma babu ƙofar nemansa. A 2006 alƙalin ƙaramar kotun ya gamsu cewa ba za su samu biyan buƙata a kotunan Najeriya ba. Duk da haka shari'ar ta ƙare ba tare da kotu ta ɗora wa Abdulsalami alhakin kisan ba.

A 2022 uku daga cikin 'ya'yanta, ta hannun lauya Femi Falana, suka kai gwamnatin Najeriya Kotun ECOWAS suna neman diyyar dala miliyan 10 kan gazawar hukunta waɗanda suka kashe mahaifiyarsu. A 2025 kotun ta kori ƙarar ba tare da ta shiga cikin maganar kisan ba. Dalilinta shi ne masu ƙarar ba su gabatar da takardun da ke tabbatar da dangantakarsu da marigayiyar ko izinin wakiltar magadanta ba.

Wato 'ya'yan da duniya ta san uwarsu sun faɗi a kotu saboda takarda.

Abin da talaka zai ɗauka

Idan haka ta faru da gidan Abiola, ina ga manomin rake a Makarfi da mota ta kaɗe ɗansa, ko matar da aka harbe mijinta a shingen bincike?

Darasi na farko shi ne kotu ba ta aiki da sanin unguwa. Takardar haihuwa, da shaidar aure, da takardar mutuwa daga asibiti, da rahoton 'yan sanda, da takardar izinin kula da dukiyar mamaci su ne ke tabbatar da wanda ke da hurumin ƙara. A addinance muna gaggauta jana'iza, amma karɓar rahoton likita kan musabbabin mutuwa kafin a ɗauki gawa ba ya cin lokaci mai yawa, rashinsa kuma kan rusa ƙara.

Iyayen yaran Kano da kamfanin Pfizer ya gwada wa maganin Trovan lokacin annobar sanƙarau a 1996 sun ga irin haka. Yara 11 suka rasu daga cikin kimanin 200. An yi sulhu kan dala miliyan 75 da gwamnatin Kano a 2009, amma sai da aka yi gwajin ƙwayoyin halitta kafin iyalai huɗu na farko su karɓi dala 175,000 kowanne a 2011.

Na biyu shi ne lokaci. Dokar kare jami'an gwamnati ta ba da wata uku kacal a shigar da ƙarar jami'i kan abin da ya yi a bakin aiki, ko da yake kotuna sun yi mata togaciya a wasu lokuta. Ƙa'idojin ƙarar take haƙƙin ɗan Adam na 2009 kuwa ba su sa wa'adi ba, sun kuma yarda wani ya shigar da ƙara a madadin wani. Lauya ne zai tantance hanyar da ta dace, shi ya sa jinkirin ganinsa ke da haɗari. Wanda ba shi da hali yana iya tuntuɓar Hukumar Ba da Agajin Shari'a ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa.

Na uku, neman diyya ba rashin tawakkali ba ne. Musulunci ya ba waliyyan jini zaɓi tsakanin ƙisasi da diyya da yafiya, ya kuma ƙayyade diyyar rai da raƙuma 100 ko dinari 1,000 na zinare. Yafiya alheri ce idan magada suka zaɓe ta da kansu, ba wadda aka tilasta wa gwauruwa da marayu saboda wanda ya yi ɓarnar yana da ƙarfi ba.

Abin da ta bari

Tun a 1996 'yan adawa da ke gudun hijira, ciki har da Wole Soyinka da Kayode Fayemi, suka sa wa gidan rediyonsu na ɓoye suna Rediyo Kudirat. Birnin New York ya sa sunanta a kusurwar titin da ke gaban ofishin jakadancin Najeriya, Legas kuma ta raɗa wa babban titin Oregun sunanta. Hafsat ta kafa ƙungiyar KIND domin horar da mata shugabanci.

A 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya mayar da 12 ga Yuni Ranar Dimokuraɗiyya, ya ba MKO lambar GCFR. A 2025 Shugaba Bola Tinubu ya ba Kudirat lambar CFR.

Ƙasa ta karrama ta da titi da lambar yabo. Amma har yau ba ta faɗa wa 'ya'yanta bakwai wanda ya aiko 'yan bindigar Oregun ba. Allah Ya jiƙanta da rahama.