Robert Simpson, mutumin da ya raba wa guguwar teku matakai

Masu karatu, duk lokacin da muka karanta labaran duniya a gidan radiyo muka ce guguwa mai mataki na 4 ko na 5 ta afka wa Amurka, da ma'aunin wannan bawan Allah muke aiki.

An haifi Robert Simpson a 1912 a Corpus Christi, garin bakin teku a jihar Tekzas. Yana ɗan shekara 6, a watan Satumba na 1919, guguwa ta turo ruwan teku cikin garin, ɗaruruwan mutane suka hallaka. Iyalinsu sun tsira ne da suka fake a ginin kotu. Ya karanta kimiyya a jami'a, amma da yake zamanin karayar tattalin arziki ne, sai ya ɓige da koyar da kiɗa a makarantu. Sai a 1940 ya shiga ma'aikatar hasashen yanayi.

A wancan zamani ba a san abin da ke faruwa a cikin cikin guguwa ba. Simpson ya riƙa bin jiragen soja yana kutsawa har tsakiyarta don ɗaukar awo. Da guguwa uku, Carol da Edna da Hazel, suka yi ɓarna a 1954, gwamnati ta saki kuɗi, aka kafa shirin bincike na ƙasa, aka ba shi jagoranci. A 1962 kuma ya shugabanci shirin Stormfury, na watsa sinadarin azurfa a cikin gajimare don rage ƙarfin iska. Wannan kam bai haifi ɗa mai ido ba, aka rufe shi a 1983.

Babbar jarrabawarsa ta zo ne a Agusta 1969, yana shugaban cibiyar lura da guguwa ta ƙasa a Mayami. Guguwar Camille ta doshi gaɓar Misisipi. Maimakon ya tsaya ga gargaɗi na jimla kamar yadda aka saba, sai ya faɗi tsayin da ruwa zai kai da alƙalumma, jama'a da yawa suka gudu. Ruwan ya haura mita 7, mutum sama da 250 suka mutu. A ganinmu nan ne ya fi cancantar yabo, don ya gane cewa talaka ba ya barin gidansa sai an faɗa masa abin da zai iya kwatantawa.

Daga nan ya ɗauki ma'aunin ɓarnar iska mai matakai 5 da injiniya Herbert Saffir ya tsara, ya ƙara masa tsayin ruwa. Mataki na 1 yana farawa daga kilomita 119 a awa, na 5 daga 252. Sai dai a 2010 an cire ɓangaren ruwan, bayan Katrina a 2005 da Ike a 2008 sun nuna ruwa na iya zarce abin da matakin ya nuna.

Abin bai yi mana nisa ba: da yawa daga cikin manyan guguwar nan sun faro ne daga hadarin damina da ke ratsa Sahel daga gabas, ya wuce ta kanmu ya faɗa teku ta Senegal.

Matarsa Joanne ita ma shahararriyar masaniyar gajimare ce, ta rasu a 2010. Shi kuwa ya rasu a Washinton a Disamba 2014, yana da shekara 102.