Learned Hand: Alƙalin da Kotun Ƙoli ta wuce shi

A duk lokacin da aka tashi naɗa sababbin alƙalan Kotun Ƙoli a ƙasar nan, aka shiga kamun ƙafa da ƙorafin an tsallake wane an ɗauki wane, nakan tuna da wani alƙalin Amurka mai suna Learned Hand. Wannan bawan Allah ya shafe shekara 52 a kan kujerar shari'a, 37 daga ciki a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya da ke birnin New York, ya rubuta hukunce-hukunce kimanin 4,000, amma har ya bar duniya bai zama alƙalin Kotun Ƙolin ƙasarsa ba. Duk da haka, har gobe alƙalan wannan kotu suna kafa hujja da abin da ya rubuta.

An haife shi a garin Albany na jihar New York ranar 27 ga Janairu, 1872, a gidan lauyoyi. Mahaifinsa ya rasu yana da shekara 14. A Jami'ar Harvard falsafa ya fara karantawa, kafin ya bi sana'ar gidansu ya kammala karatun lauya a 1896. Aikin lauya bai karɓe shi ba, shi ma kuma bai ji daɗinsa ba. Sai a 1909, da Shugaba Taft ya naɗa shi alƙalin kotun tarayya ta matakin farko a New York, sannan ya samu gurbin da ya dace da shi.

Shekarar 1917 ce ta gwada shi. Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Farko, majalisa ta kafa dokar hukunta masu yi wa yaƙin zagon ƙasa, jama'a kuma sun harzuƙa, duk wanda ya soki yaƙin ana yi masa kallon maci amanar ƙasa. A cikin wannan yanayi shugaban gidan waya na New York ya hana a aika da fitowar watan Agusta ta wata mujallar 'yan gurguzu mai suna The Masses, saboda zane-zane da rubuce-rubucen da ta buga na sukar yaƙin da tilasta wa matasa shiga soja. Masu mujallar suka kai ƙara, shari'ar ta faɗo gaban Hand. Ya san sarai ana duba yiwuwar ɗaga shi zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara a daidai lokacin, ya kuma san inda gwamnati take so hukuncin ya faɗi. Ya bai wa mujallar gaskiya. Hujjarsa ita ce, suka komai zafinta ba laifi ba ce, sai idan mai magana ya fito ƙarara ya umurci mutane su karya doka. In kuwa aka ce duk maganar da ka iya tunzura wani laifi ce, to babu sauran wanda zai iya buɗe baki ya soki gwamnati.

Kafin shekarar ta ƙare kotun sama ta rushe hukuncin, mujallar ta mutu, kujerar kuma aka bai wa Martin Manton a 1918, wanda bai kai Hand daɗewa a aiki ba. Hand sai da ya jira har 1924 kafin Shugaba Coolidge ya ɗaga shi. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne. A 1939 aka kama Manton da laifin sayar da shari'a, ya ajiye aiki ya tafi kurkuku, Hand ya gaji kujerarsa ta shugabancin kotun. Ma'aunin da ya kawo a 1917 kuwa, sai a 1969, shekara takwas bayan rasuwarsa, Kotun Ƙoli ta rungumi abin da ya yi kama da shi a shari'ar Brandenburg.

Ɗaliban shari'a sun fi saninsa da shari'ar Carroll Towing ta 1947, kan wani kwale-kwalen dakon fulawa da ya nutse a tashar jiragen ruwan New York. A nan ya bayyana cewa mutum ya yi sakaci idan kuɗin ɗaukar matakin kariya bai kai girman asarar ba, bayan an auna ta da yiwuwar aukuwarta. Lissafi ne da kowane ɗan kasuwa ke yi a zuci, shi dai ya shigar da shi littafin shari'a.

Kotun Ƙoli ta wuce shi fiye da sau ɗaya. Taft, wanda ya zama Alƙalin Alƙalai daga baya, bai yafe masa goyon bayan da ya bai wa Theodore Roosevelt a zaɓen 1912 ba. A 1942 Shugaba Franklin Roosevelt ya ƙi shi bisa hujjar tsufa, don ya kai 70, ya ɗauki Wiley Rutledge. Rutledge ya rasu a 1949, tsohon kuwa ya ci gaba da yanke shari'a shekara 12 bayan haka.

Sai dai ba zan ɓoye abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da shi ba. A 1950, lokacin da tsoron gurguzu ya mamaye Amurka, wannan alƙali dai shi ne ya tabbatar da ɗaurin da aka yi wa shugabannin Jam'iyyar Kwaminis su 11, alhali ba makami suka ɗauka ba, koyar da aƙidar juyin juya hali da shirya jam'iyya a kanta aka tuhume su da shi. Masu kare shi sun ce alƙalin kotun tsakiya ba shi da ikon saɓa wa abin da Kotun Ƙoli ta riga ta shimfiɗa, kuma tun 1917 aka yi watsi da ma'auninsa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ni dai ban gamsu ba. Haka nan a laccocin da ya gabatar a Harvard a 1958 ya nuna shakku kan hurumin Kotun Ƙoli na soke wariyar launin fata a makarantu, kamar yadda ta yi a 1954, domin a ganinsa bai kamata alƙalai tara da ba wanda ya zaɓe su su zama wata majalisa ba.

Ya sauka daga shugabancin kotun a 1951, amma bai daina zama a shari'a ba har ya rasu a New York ranar 18 ga Agusta, 1961, yana da shekara 89.