William Etty: Gwanin zanen da bai daina zama ɗalibi ba

An haifi William Etty a birnin York na ƙasar Ingila ranar 10 ga Maris, 1787. Mahaifinsa mai gidan burodi ne. Ya yi shekara bakwai yana koyon aikin ɗab'i a Hull, sannan ya shiga makarantar Royal Academy da ke Landan a 1807.

A can ya duƙufa kan nazarin ƙirar jikin ɗan Adam, a ajin da akan tsayar da mutum ba sutura ɗalibai su zana shi. Zane-zanensa na maza sun sha yabo bisa yadda suka fito da ƙwanji da jarumtaka, amma na mata suka jawo masa zargin rashin kunya a jaridu.

A 1828 aka zaɓe shi cikakken mamba na Royal Academy, inda ya kayar da John Constable. Takwarorinsa sun ga zubar da girma ne mai wannan matsayi ya ci gaba da zama cikin ɗalibai, amma ya gwammace ajiye matsayin a kan barin ajin, dole suka ƙyale shi.

Ya rasu a York ranar 13 ga Nuwamba, 1849.